Muryata Tana Ƙin Fita Idan Jama'a Suka Zuba Mini Ido

Nura, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Akwai wata damuwa da na daɗe ina ɓoyewa, yau kuma na ga ya dace in kawo ta gabanku, tun da a cikinku akwai waɗanda suka fi ni sanin harkar waƙa nesa ba kusa ba. Ni tela ne a Ƙofar Marusa a nan Katsina, kuma tun ina yaro nake rera waƙoƙin bege. Idan na zauna a kan keke bayan sallar isha'i, shago babu kowa, ina takawa ina rerawa, muryata takan fita tas, in hau inda nake so in sauko inda nake so, har maƙwabcina mai shayi yakan rage sautin rediyonsa domin ya saurara.

A watan Maulidin da ya wuce malaman Islamiyyar unguwarmu suka nemi in rera wasu baitoci goma sha huɗu da na rubuta da hannuna. Na yi mako uku ina bita. Da aka kira sunana aka miƙo mini makirfo, sai gabana ya faɗi, bakina ya bushe, maƙogwarona ya riƙe kamar an ɗaure shi da igiya, abin da ya fito kuwa wata siririyar murya ce mai rawa wadda ni kaina ban san ta ba. Baiti biyu na yi na miƙa makirfo na zauna. Babu wanda ya yi mini dariya, amma tun daga ranar ko a shago na buɗe baki sai in ji kamar akwai wani a cikin kaina yana ce mini ka karkace, ka yi ƙasa, wane ya fi ka. Ina roƙonku ku gaya mini gaskiya, shin wannan abu ne da ake warkewa daga gare shi, ko kuwa alama ce ta cewa ba a yi ni domin tsayawa gaban jama'a ba?

Malam Sada, Dutsin-Ma:
Wa'alaikumus salam ƙanena. Zan faɗi abin da wataƙila ba za ka so ji ba, kuma ba domin in karya maka zuciya ba ne. Ba duk mai daɗin murya a ɗaki ne aka ba baiwar taro ba, kamar yadda ba duk mai ilimi ne yake iya huɗuba ba. Kunyar da ta kama ka abin yabo ce a wurina, domin abin da ya lalata waƙa a wannan zamani shi ne yaran da ba su da mai tuhumarsu a cikin zuciya, kowa ya samu waya sai ya ɗauki kansa ya watsa wa duniya. Idan akwai wata murya a cikinka da take ce maka ka karkace, to ka saurare ta, domin mai yiwuwa gaskiya take faɗa maka.

Kabir, ma'aikacin jinya, Katsina:
Allah ya gafarta Malam, ina neman izini in yi magana ta ɓangaren jiki, domin abin da Nura ya kwatanta sananne ne, kuma ba ya nuna komai game da baiwarsa. Murya tana fitowa ne daga wasu tantani guda biyu da ke cikin maƙogwaro, waɗanda iskar huhu take kaɗawa. A cikin magana ta yau da kullum na namiji baligi suna kaɗawa kamar sau 100 zuwa 150 a cikin daƙiƙa ɗaya, na mace kuwa kusan sau 200 ko fiye, kuma idan mutum ya ɗaga murya sama adadin yakan ƙaru. Abin da yake motsi da irin wannan sauri ba ya jure matsi ko kaɗan.

Idan mutum ya firgita, jiki yakan saki sinadarin adirenalin, wanda aikinsa shi ne ya shirya mutum domin gudu ko faɗa. Zuciya ta ƙara bugu, yawu ya ragu, numfashi ya taƙaita ya tsaya a saman ƙirji, tsokar wuya da ta muƙamuƙi da gindin harshe su ɗaure. Jikin bai bambanta tsakanin kura a daji da idanun mutanen unguwa ba. To ka ga iska ta yi kaɗan, hanyar da sauti zai bi ta ƙuntata, sai mai waƙa ya ji muryarsa ta canza, sai ya ƙara tsorata, sai wuyan ya ƙara ɗaurewa. Wannan zagayen ne ya ci Nura a baiti biyu. Muryar da mai shayi yake rage rediyo dominta tana nan inda take, babu abin da ya same ta.

Baba Lawal, Daura:
Ɗana Nura, na karanta maganarka sau biyu, jikata ce take rubuta mini wannan ina faɗa mata. Na yi shekaru masu yawa ina amshi a bayan wani makaɗin kalangu, Allah ya jiƙansa, mun zaga biki da suna da naɗin sarauta daga nan Daura har Mai'adua da Zango da Baure, mun kuma sha wasa a lokacin Sallar Gani, lokacin da garin nan yake cika ya batse. Saboda haka abin da zan gaya maka ganau ne.

Ranar da maigidana ya fara ce mini in ja waƙa da kaina, a wani gidan suna ne, shi muryarsa ta dushe saboda mura. Ban ja ba, domin abin da ya same ka shi ya same ni, har gwiwoyina suna bugun juna a cikin riga. Da muka koma gida bai yi mini faɗa ba. Ya tambaye ni wa nake kallo lokacin da na buɗe baki, na ce ina kallon jama'a, ya ce a'a, kaina nake kallo ta cikin idon jama'a. Ya ce mawaƙi mutum ɗaya ake aiko shi wurinsa, wato wanda ake yi wa waƙar, sauran duk 'yan rakiya ne. Idan uban jariri kake yi wa, to ka nemi fuskarsa, ka tuna ubansa da kakansa da alherin da ya taɓa yi, ka gaya masa kamar ku biyu ne a zaure. Na gwada a wani bikin, na kafa ido a kan wani dattijo mai farin gemu wanda shi ne uban ango, na fara kiran sunayen iyayensa, sai na ga ya sunkuyar da kai yana share ido da bakin rawaninsa. Daga wannan lokaci ban ƙara tuna ina da maƙogwaro ba har aka tashi.

Kai kuma naka ya fi nawa sauƙi, domin bege kake yi. Wanda kake yabo ya fi ƙarfin ya duba ko muryarka ta yi rawa. Da ka rubuta baitocin nan goma sha huɗu, ai ba malaman Islamiyya ka tuna ba, soyayya ce ta sa ka ɗauki alƙalami. Ranar taro sai ka ajiye wanda ka rubuta dominsa, ka ɗauki alƙalanci a kan kanka, ka zama kai ne mai waƙa kai ne mai sauraro kai ne mai yanke hukunci, alhali baki ɗaya gare ka.

Abu na biyu, wa ya ce ka tsaya kai kaɗai? Kakanninmu da suka sa 'yan amshi a bayan mawaƙi sun san abin da suke yi. Amshi shi ne wurin hutun jagora, a nan yake haɗiye yawu, ya ja numfashi, ya tuno ɗan waƙar da zai kawo. Idan ya yi tuntuɓe amshi ya rufe shi, jama'a ba su ma sani ba. Marigayi Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa aka kuma binne shi a nan Daura a shekarar 1999, duk da irin baiwar da Allah ya ba shi ta ƙaga waƙa nan take, da makaɗansa da 'yan amshinsa yake tsayawa. Kuma ka tuna shi ba gadon waƙa ya yi ba, mahaifinsa ma bai so ya shige ta ba, a wajen tallan goro da alewa ya saba buɗe baki a gaban mutane. Ka nemi yara uku daga cikin ɗaliban makarantar, ka koya musu amshi mai sauƙi, ka ga ko ƙirjinka ba zai saki ba.

Hajiya Binta, malamar Hausa, Ƙofar Ƙaura:
Baba, Allah ya ƙara girma da lafiya, kun gama magana. Ina so in ƙara abu ɗaya da na lura da shi a cikin rubutun Nura, inda ya ce muryar cikin kansa tana ce masa wane ya fi ka. Ina zargin cewa a ranar taron ba da muryarsa ya yi niyyar rerawa ba, da muryar wani sha'iri da yake sauraro a waya ya yi niyya. Na ga haka sau da yawa a wajen ɗalibaina idan muka zo darasin rubutacciyar waƙa. Yarinya tana da murya mai kauri mai daɗi, sai ta matse hanci ta siranta ta domin ta yi kama da abin da take ji a finafinai, kafin ta kai baiti na uku ta shaƙe. Kayan aro ba ya rufe katara.

Ni 'yar Funtua ce, na tashi ina jin kiɗan ƙwarya a gidajen biki, garin marigayiya Barmani Choge wadda ta rasu a 2013. Duk wanda ya san amada ya san ba da siririyar murya ake yin ta ba, da muryar da mace take magana da ita a tsakar gida ake yi. Haka waƙar niƙa da ta daka da ta raino, iyayenmu mata sun yi su ba tare da wata ta taɓa tsayawa ta tambayi kanta ko muryarta ta isa ba, domin hankalinsu yana kan dutsen niƙa ko kan yaron da ke bayansu. Kuma harshenmu yana taimakon mai waƙa idan ya bar shi. Hausa tana da karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, da nauyinta ko sauƙinta, shi ya sa idan ka karanta baiti da kyau a matsayin magana za ka tarar rabin karin waƙar yana ciki tun kafin ka rera. Ƙanena, ka ɗauki baitocinka ka faɗe su da baki kamar kana gaya wa mahaifiyarka labari, sannan ka ja su a hankali daga daidai wurin da muryar maganarka take zaune. Inda ka fara jin wuyanka yana ɗagawa, ka sauko da waƙar gaba ɗaya, babu wanda ya wajabta maka tsayin wani.

Nura, Ƙofar Marusa:
Hajiya, wallahi kun taɓo inda yake mini ciwo. A shago ƙasa nake fara waƙar, amma da na riƙa bita domin taro sai na ɗaga ta sama, saboda na ga haka manyan masu bege suke yi a bidiyo. Akwai kuma abin da ban faɗa ba. Kwana biyu kafin taron na ɗauki muryata a waya na saurara, sai na ji ta wata iri, siririya, ba yadda nake jin ta ba. Daga wannan dare ne barci ya ƙaurace mini.

Aminu, mai situdiyo, Katsina:
Malam Nura, wannan kusan duk wanda ya fara shigowa wurina sai ya faɗe shi, har da waɗanda suka yi suna daga baya. Dalilinsa shi ne, idan kana magana kana jin kanka ta hanya biyu, ta iska da kuma ta ƙasusuwan kanka, kuma ƙashi yana ƙara wa sauti kauri. Na'ura kuwa ta iska kaɗai take ɗauka, shi ya sa kake jin kamar an rage maka murya. Abin da ka ji a waya shi ne kusan abin da mai shayi yake ji kullum, kuma ya so shi, sai dai ƙaramar lasifikar waya tana ƙara zubar da kaurin.

Sannan ka daina auna kanka da abin da kake ji a bidiyo. Ni nake wannan aikin, na san yadda ake yi. Baiti ɗaya akan maimaita shi sau da dama a zaɓi mafi kyau, a yanka a haɗa, a sa Auto-Tune ya daidaita inda murya ta kauce, a ƙara amsa-kuwwa. Kai kuma kana gwada numfashinka guda ɗaya na gaban jama'a da aikin da aka kwana ana gogewa a kwamfuta. Wani abu da na lura da shi kuma, sau da yawa ɗaukar da ta fi rai ita ce wadda na ce wa mutum gwaji ne kawai muke yi. Da na ce yanzu za mu ɗauka da gaske, sai in hango kafaɗunsa sun tashi ta cikin gilashi.

Malam Sada, Dutsin-Ma:
Na ji bayanan kowa, kuma na karɓi na Kabir da na Baba, na janye maganata ta cewa wataƙila ba a ba shi baiwar taro ba. Amma akwai inda ban gamsu ba. Idan muka ce wa yaro ya kashe mai tuhumar da ke cikinsa, da me zai gyara kuskurensa? Bege ba wasa ba ne, akwai lafazin Larabci da ake shigarwa a ciki, akwai ma'anar da idan ta karkace ta zama laifi. Na fi son mai bege da yake rawar jiki saboda girman abin da yake faɗa a kan wanda yake sheƙa murya babu ko ɗar.

Hajiya Binta, malamar Hausa, Ƙofar Ƙaura:
Allah ya gafarta Malam, a kan kula da lafazi da ma'ana babu saɓani tsakaninmu, har ma ina ba Nura shawara ya kai baitocin gaban malaminsa a duba su kalma bayan kalma kafin ya sake tsayawa. Inda muka rabu shi ne lokacin tuhumar da kuma irinta. Tuhumar da take cewa a baiti na biyar ka ja gaɓar da bai kamata a ja ba, wannan malama ce, tana nuna wuri tana nuna gyara, kuma lokacinta shi ne lokacin bita. Wadda take cewa kai ba kowa ba ne, wane ya fi ka, ba ta nuna wurin gyara ko ɗaya, kuma ba ta zuwa sai mutum ya buɗe baki. Rawar jiki saboda girman wanda ake yabo na sha ganinta, takan ƙara wa murya nauyi har masu sauraro su yi hawaye. Wadda ta zaunar da Nura a baiti biyu tsoron idon mutane ce, kuma ba na jin ya dace mu kira ta kunya mu yabe ta.

Nura, Ƙofar Marusa:
Na fahimci wannan ta hanyar sana'ata. Awo da alli da yanka duk a kan tebur ake gama su, a nan nake duba kuskure sau biyu sau uku. Idan na ɗora yadi a ƙarƙashin allura na fara takawa, idona yana kan layin ɗinki ne kawai, kuma duk ranar da na riƙa tunanin ko mai kayan zai yaba, a ranar ne ɗinkin yake karkacewa.

Zainab, ɗaliba, Katsina:
Yaya Kabir, don Allah ka faɗa mana abin da mutum zai yi da jikinsa a mintocin da suka rage kafin a kira shi. Ni ma ina rera waƙa a taron ɗalibai mata, kuma hannuwana sukan yi sanyi ƙalau. Shin gaskiya ne zuma da citta da kanumfari suna buɗe murya?

Kabir, ma'aikacin jinya, Katsina:
Ƙanwata, abin da aka sha ta hanyar abinci yake wucewa, ba ya taɓa tantanin murya, domin da ya taɓa su da mutum ya ƙware. Shayin citta da zuma yana sanyaya maƙoshi yana kuma kwantar da hankali, babu laifi a sha, amma abin da yake jiƙa tantanin shi ne ruwan da kika sha sa'o'i kafin lokacin, musamman a watannin hunturu da hazo yake busar da hanci da maƙogwaro. Ki guji yawan gyaran murya da ƙarfi, domin buga tantanin yake yi da juna, ki kuma guji raɗa idan murya ta gaji, ita ma tana wahalar da su.

Kafin a kira ki, ki ɗora hannu a kan cibiya ki ja iska ta hanci har ki ji ciki ya ɗago, sannan ki sake ta a hankali ta baki, fitarwar ta fi shaƙar tsawo, kamar sau biyar ko shida. Doguwar fitar da iska tana rage bugun zuciya. Ki yi hamma da gangan domin muƙamuƙi ya saki, ki sauke kafaɗu, ki rufe baki ki yi gunji a hankali har ki ji leɓɓanki suna ɗan kaɗawa. Kada ki jira tsoron ya tafi gaba ɗaya kafin ki fara, domin yakan fi ƙarfi a farkon tsayuwa sannan ya sauka idan an ci gaba. Wanda kuma muryarsa ta dushe fiye da mako uku ba tare da mura ba, ya je wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a duba shi.

Baba Lawal, Daura:
Ɗana, ka kuma fara da ƙaramin wuri. Mutum biyar a zaure sun isa. Idan ka samu hali ka zo Daura, gidana ba shi da nisa da rijiyar Kusugu, ka rera mini in ji da kunnena.

Nura, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Na dawo in ba ku labari bayan mako biyu. Na kai wa malamina baitocin, ya gyara mini kalma biyu a baiti na tara. Na sauko da waƙar zuwa inda nake fara ta a shago, na koya wa yara uku amshi. Daren Alhamis bayan isha'i na rera a zauren malam, mutum takwas ne a zaune a kan tabarma, babu makirfo. A baiti na farko muryata ta yi rawa sosai, tafin hannuna ya jiƙe, kuma muryar nan ta cikin kaina ta zo kamar yadda ta saba. Da yaran suka karɓi amshi sai na samu na saki numfashi, na runtse ido na tuna wanda na rubuta waƙar dominsa. A baiti na shida na manta farkon layi, yaran suka maimaita amshi ba tare da an ce musu ba, sai ya dawo mini. Na kai goma sha huɗu. Malam bai ce komai a kan muryata ba, ya dai ce in sake baiti na ƙarshe, na sake.

Malam Sada, zan turo muku rubutun ku duba mini lafazin Larabcin da ke baiti na uku da na goma sha ɗaya. Baba, ranar Asabar in Allah ya yarda zan shigo motar safe, akwai ɗinkin wani ango da zan miƙa ranar Juma'a da yamma, da na sallame shi zan kama hanya.